A daina yanke wa turare hukunci a bakin shago

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan sayen turare, musamman yanzu da na Dubai suka cika kasuwa, duk shagon da ka shiga sai a ce maka "Alhaji ai wannan da wancan ɗaya ne sak, kuɗin ne kawai ya bambanta".

Ni dai na gwada da kaina. Wani abokina ya ɗan tsiyaya min Aventus na kamfanin Creed wanda ya fito a 2010, ni kuma dama ina da Club de Nuit Intense Man na Armaf da ake cewa kwafinsa ne. Bayan sallar asuba na fesa ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, har da hannun riga. Farkon fesawa wallahi ko kama ba su yi ba, na Armaf lemon tsami ne mai hawa kai har sai da na kawar da fuska, shi kuwa Aventus abarba ce a hankali kamar yanzu aka fere ta a ɗaki. Sai da na karya na fito titi ina jiran adaidaita, wajen minti 40 ke nan, sannan na ji sun fara haɗuwa, wani ƙamshin hayaƙi-hayaƙi da itace a duka biyun. Alwalar azahar ta tafi da na fata, amma na jikin shadda yana nan har la'asar, kuma a lokacin sai ka yi da gaske kafin ka raba su.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, sipirit da ƙamshin lemo su ke fara tashi don ba su da nauyi, almiski da ambar da itace su ke zama, ga zafinmu na Kano da ke ƙara gaggauta abin, in hunturu ne kuma fata ta bushe ba ta riƙo sai ka ɗan shafa mai tukuna. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka, ba a haɗa humra yau a shafa yau, sai ta kwana biyu ta tsumu, kayan da aka turara a kabbasa ma washegari suka fi daɗi.

Roƙona ga 'yan kasuwa, ku daina miƙo mana murfin kwalba mu sansana. Ku fesa wa mutum a hannu ya je ya gama zagayensa a Kwari ko Sabon Gari, in ya yi masa zai dawo da ƙafarsa ya biya.

Naku mai karatu,
daga Fagge, Kano