Kunkuru mai zanen damisa: ba haka ake haɗa su ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne a kan amsar da baƙonku ya bayar a shirin kiwon dabbobi na makon jiya, inda ya ce wa mai tambaya kunkuru kunkuru ne, in dai duka masu zanen damisa ne a zuba su shinge ɗaya. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai, domin irinta ce na bi har na kusa rasa dabbar da na shekara tara ina kiwo.

Tawa mace ce, irin ta gabashin Afirka wadda masu kiwo ke kira babcocki, mai tudun baya, tsawonta bai wuce santimita 40 ba. Wani aboki da zai yi ƙaura ya bar mini namiji irin na Afirka ta Kudu, wanda ake kira pardalis. Masana suna ta jayayya a kan ko waɗannan biyun iri ɗaya ne ko daban, amma mai kiwo da idonsa yake gani: ɗan na kudu yakan fito daga ƙwai da ɗigo biyu a gidajen ƙoƙon bayansa, na gabas kuwa ɗigo ɗaya ko babu, kuma mafi girma a cikin na kudu suna iya kaiwa santimita 70, nauyinsu ya doshi kilo 40. Ranar da aka kawo shi ranar na sa shi a shingenta, ina murna ta sami abokin zama.

Hausawa na cewa kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, to wanda ya ga abin da na gani ya san ba ya bukatar yatsa. Tun da safe zai bi ta yana tunkuɗarta da gaban ƙoƙonsa, ana jin ƙarar daga cikin ɗaki kamar ana buga ƙwarya da ƙwarya, ya cije mata ƙafa, ya hau ta, ya hana ta isa wurin ciyawa. Wata rana da azahar na tarar da ita a kife cikin rana, ƙafafu sama, tana ta kwasar iska, kuma da na ƙara awa guda a waje da sai dai gawa. Bayan mako uku ta daina cin abinci gaba ɗaya, ta maƙale a kusurwa, kumfar majina tana fita daga hancinta, numfashinta yana fito.

Likitan dabbobi bai ɓoye mini ba cewa laifina ne. Kunkuru yana iya ɗauke da ƙwayar cutar numfashi alhali shi lafiyarsa ƙalau, sai ya shafa wa wanda jikinsa bai saba da ita ba, musamman wanda tsangwama ta riga ta raunana, shi ya sa ake killace sabo shi kaɗai na tsawon watanni, da kwanon ruwansa daban, a duba kashinsa, a duba hammatarsa saboda kaska. Ba ƙaramin abu ba ne kaskar nan: saboda ita Amurka ta hana shigo da wannan kunkurun a shekarar 2000, don kaskar tana ɗauke da cutar da ke tara ruwa a zuciyar shanu da tumaki da awaki. Ko kalma ɗaya baƙonku bai faɗa a kan killacewa ba.

Bai kuma ambaci barbara ba. Macen kunkuru tana ajiye maniyyin namiji a jikinta shekaru, saboda haka ko an raba su ƙwan da za ta saka daga baya na iya zama gauraye, a sami 'ya'yan da babu mai iya cewa ga irinsu, a sayar wa wani da sunan na kudu tsantsa. Dabba ce da za ta iya wuce shekara 50 a duniya, kuskuren zai daɗe yana yawo a hannun mutane.

Tawa ta warke bayan wata biyu na allura da ɗumi, yanzu katangar katako ce tsakaninsu wadda ba sa hango juna. Ina roƙon ku dawo da batun, ku gayyato likitan da ya taɓa duba kunkuru da hannunsa. Sannan don Allah a riƙa ɗaga wayar shirin. Sau shida na kira a ranar domin in yi gyara, tana ta ƙara babu wanda ya ɗauka, ga tallace-tallace sun cinye kusan rabin lokacin.

Naku,
Mai sauraronku na kullum