Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da dabinon Kanari a Yorkshire

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan bishiyoyi biyu da na saya a reshenku na kusa da Leeds a watan Yulin 2022, da kuma yadda ma'aikatanku suka yi da ni bayan hunturu ya taɓa su. Takardar ƙorafina tana ofishinku tun tuni, har yau ko "mun gani" ba ku ce ba. Shi ya sa na fito fili, don 'yan'uwanmu mazauna arewacin Ingila su ji. Na san da yawansu idan suka hango ganyen dabino a bakin shagonku, zuciya za ta tafi gida, hannu kuma ya shiga aljihu.

Ɗaya bishiyar ita ce Phoenix canariensis, dabinon tsibiran Kanari, ɗan'uwan dabinon da muke ci. Ɗayar kuma Trachycarpus fortunei ce, mai zagayayyen ganye irin na giginya, gangar jikinta duk gashi. Kwalin da kuka maƙala wa kowacce iri ɗaya ne sak: wai tana jure sanyin Birtaniya, a dasa ta a waje, ba ta son wata hidima. A lokacin ƙasar nan tana cikin zafin da ba ta taɓa gani ba, har ma'auni ya kai digiri 40.3 a Coningsby ranar 19 ga Yuli. Mai saye ba zai tuna da hunturu a irin wannan rana ba. Ku ne ya kamata ku tuna, tunda sana'arku ce.

Bishiyoyin nan biyu ba su haɗa hanya ba wajen jure sanyi, kuma duk mai renon itatuwa ya san haka. Trachycarpus daga ƙasar Sin ta fito, tana lambunan Ingila tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma babbarta mai ƙwari tana iya ɗaukar sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifili. Dabinon Kanari kuwa asalinsa tsibiran da ke daura da gaɓar Maroko ne, inda ba a san ƙasa ta daskare a bakin teku ba. Gaskiya ne akwai manyansa a tsibirin Tresco da bakin tekun Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, da wasu lungunan tsakiyar Landan, amma waɗannan wurare ne da teku ko ɗumin birni ke karewa. Bayan gida a Yorkshire, mai ƙasar laka da ruwan sama ba dare ba rana, wata duniya ce daban. Ku ɗauko abin da aka rena a zafin ranar kudancin Turai, ku kawo shi nan ku manna masa kwali ɗaya da Trachycarpus, wannan ba ganganci kawai ba ne, yaudara ce.

A watan Nuwamba na koma shagonku na tambayi yadda zan kare su. Saurayin da ke kan kanta ya sayar mini da leda mai kumfa, irin wadda ake naɗe kayan fashewa da ita, ya ce in tattara ganyen in naɗe tamau daga ƙasa har sama, kada in kwance sai Maris. Haka na yi. Nuwambar ta zo da ɗumi da ruwa, sannan a mako na biyu na Disamba sanyi ya sauko gaba ɗaya, aka yi fiye da mako guda kullum dare ƙasa da sifili, har Braemar ta Sikotilan ta ga digiri 17.3 ƙasa da sifili. Daga baya na fahimci abin da ledar nan ta yi. Ba ta hana sanyi shiga ba, ta dai hana damshi fita. Ruwan da ya taru a tsakiyar kan bishiyar ya daskare, ya narke, ya sake daskarewa, ya farfasa ɗanyen tohon da ke ciki, sannan funfuna da ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama.

A nan ne abin yake, kuma da alama ba ku koya wa ma'aikatanku ba. Dangin dabino ba kamar mangwaro ko darbejiya ba ne da za a sare reshe wani ya fito. Wurin toho ɗaya tal gare su, can cikin tsakiyar kai, daga nan kowane ganye yake fitowa. (Goriba ce kawai a cikin waɗanda muka sani a gida take raba rassa, ita ma kowane reshe kai ɗaya gare shi.) Idan wannan wuri ya mutu, bishiya ta mutu, ko da tsofaffin ganyenta za su yi watanni suna kore shar suna ruɗin mai ita.

Da na kwance ledar a farkon Maris, sabon tohon tsakiya, wanda bai buɗe ba tukuna, ya yi launin ƙasa a duka biyun. Na buga muku waya. Matar da ta ɗauka ta ce ba komai, barci suke yi, in zuba musu taki in jira har watan Yuni. Maris ɗin 2023 kuwa Ingila ba ta ga mai ruwa kamarsa ba tun 1981. Ke nan duk makonnin da na yi ina bin shawararku, ruwan sama yana zuba cikin ciwo.

Wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin lambu, shi ya leƙo ta kan shinge a watan Afrilu ya ce in ja tohon a hankali. Na kama na Trachycarpus da yatsu biyu, sai ga shi ya zaro ba tare da wani ƙarfi ba, gindinsa ya yi laushi, ya yi yauƙi, yana wari kamar albasar da ta ruɓe a ƙasan buhu. Inda ya fito ya bar rami cike da baƙin ruwa. Dattijon ya sa na tsane ruwan da tsumma, na ciro duk abin da ya ruɓe, sannan muka zuba haidurojin ɗin wanke ciwo, mai kashi 3 cikin ɗari, wanda ake samu a kemis. Ya yi kumfa yana tsuwa har ya tumbatso. Muka kafa sanduna huɗu muka ɗora rufi a sama, gefe kuwa a buɗe, don ruwa kada ya shiga amma iska ta ratsa. Ya hana ni zuba taki, ya ce saiwar da ke cikin ƙasa mai sanyi ba ta cin komai. Ya kuma hana ni yanke tsofaffin ganye masu sauran kore, don su ne ke ciyar da ita.

Da muka ga ramin bai bushe ba, sai ya ɗauko zarto. Ya dinga yanke saman gangar siriri-siriri, kamar kaurin yatsa, yana duba kowane yanka. Na farko baƙi, na biyu ruwan ƙasa, har muka iso inda ramin ya ƙare, tsakiyar ta fito fara tas, mai tauri, ba wari. Cikin 'yan kwanaki tsakiyar nan ta turo sama, daga baya ta yi kore. Ganyen farko ya fito guntu, a murɗe, ba kyan gani, amma yau bishiyar tana raye.

Dabinon Kanari kuwa mun yi ta yanka muna sauka, baƙi bai ƙare ba har muka kusa ƙasa. Ihu bayan hari ne. Dattijon bai ce lalle da an ceto shi a Maris ba, don mai yiwuwa sanyin Disamba ya riga ya gama da shi, kuma ba zan ɗora muku abin da ban tabbatar ba. To amma duk ta inda aka duba, laifin yana wurinku. In sanyi ne ya kashe shi, kwalinku ya yi ƙarya. In ruɓewa ce, ledarku da "jira har Yuni" ɗinku ne suka ba ta lokaci.

Da na kai muku hotuna, mataimakin manaja ya ce garantinku bai shafi "yanayi mai tsanani" ba. Ina tambaya: kwalin da ya ce bishiya tana jure sanyi, wane sanyi yake nufi in ba na hunturu ba? Irin wannan sanyi ba baƙo ba ne a nan, duk wanda ya ga Disambar 2010 zai shaida. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce dole kaya su dace da bayanin da aka yi a kansu, kuma garantin kamfani ba ya shafe wannan haƙƙi. Kwalin yana hannuna, rasit ma haka.

Abin da nake nema shi ne ku mayar mini da kuɗin dabinon Kanari, ba takardar da za ta tilasta mini sake saye a shagonku ba. Sannan ku cire wannan kwali daga kan duk wanda ya rage, domin na bi ta wurin a makon jiya na ga sababbi jere a bakin ƙofa da kwalin nan dai. Ku rubuta ƙarara digirin da kowane iri yake ɗauka, ku kuma ce dabinon Kanari a arewa sai a tukunya, a shigar da shi inda sanyi ba ya kai wa kafin Disamba. Ku daina ba mutane leda. Yadi mai shan iska ko buhun algarara a daren da sanyi ya tsananta, a cire da zarar ya sassauta, da rufi a kan kai, sun fi ta nesa ba kusa ba. Kuma ku koya wa mai ɗaukar waya cewa idan wani ya ce tohon tsakiya ya canza launi, amsar ita ce ya ja shi ya gani yau ɗin nan.

Na ba ku mako biyu daga ranar da wannan wasiƙa ta fita. In ban ji daga gare ku ba, zan kai maganar Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kan haƙƙinsu, don ta isa hukumar Trading Standards mai sa ido kan 'yan kasuwa, sannan in shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka.

Naku,
Wani abokin cinikinku a Leeds