A Bar Saniyar, A Sha Nonon

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ma'aikacin jinya ne, yau shekarata 11 a birnin Cleveland da ke jihar Ohio ta Amurka. Bara da na zo gida ganin tsohuwa, aka gayyace ni ƙaddamar da asusun ƙungiyar ci gaban garinmu. Maroƙa suka wasa manya, manya suka yi alkawarin miliyoyi, aka sha tafi. Da na tambayi inda kuɗin ƙaddamarwar baya suka shiga, sai aka ce an raba shinkafa da azumi, an gyara motar ɗaukar gawa, shi ke nan asusu ya koma wayam. Ban ce wani ya ci ba. Amma duk shekara saniyar muke yankawa, alhali nono muke bukata.

A nan inda nake akwai gidauniyar gari mai suna Cleveland Foundation, wadda wani lauya kuma shugaban banki, Frederick Goff, ya kafa a 1914. Ita ce irinta ta farko a duniya, yanzu kuma akwai sama da 700 a Amurka. Abin da ya dami Goff shi ne wasiyyoyin attajirai: mutum ya ɗaure dukiyarsa ga wata bukata, ya mutu, zamani ya wuce bukatar, dukiya ta zauna ba mai ikon juya ta. Sai ya ce a yi tukunya ɗaya da sunan gari, mai yawa da mai kaɗan kowa ya zuba. Uwar kuɗin ba a taɓa ta, juya ta ake yi, abin da ta haifa kawai ake rabawa. Wanda ya fi burge ni shi ne kwamitin rabon na farko: mutum biyar ne, banki ya naɗa biyu, sauran ukun kuwa magajin gari da alƙalai biyu kowa ya naɗa ɗaya. Ka ga ke nan ba wanda zai ce gidauniyar ta gidansu ce.

Gidauniyar ba ta cika yin aiki da hannunta ba. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa ne ke rubuto mata bukata, ta bincika, ta ba su, ta kuma dawo ta ga abin da aka yi da kuɗin. Tare da manyan asibitoci da jami'ar da ke yankin University Circle, ta tsaya aka kafa wani shiri da ke tallafa wa ma'aikata su sayi gida a unguwannin da ke kewaye, ana yafe musu bashin in sun cika shekarun da aka sharɗanta suna zaune a ciki. Wata abokiyar aikina ta haka ta rabu da haya. Da hannun gidauniyar kuma aka kafa kamfanin wanki na Evergreen a 2009, wanda ma'aikatansa su ne masu shi. Ba ta bar adabi a baya ba: ita ke kula da kyautar littafi ta Anisfield-Wolf, wadda Wole Soyinka ya ci a 1983.

Irin wannan gidauniyar nake so mu kafa a garinmu. Na san wani zai ce wannan harkar Turawa ce. To Sayyidina Umar fa? Da ya samu gona a Khaibar, Manzon Allah (SAW) ya ba shi shawarar ya riƙe asalinta, ya yi sadaka da amfaninta. Wakafi ke nan, malamanmu suna karantar da shi kullum, mu ne dai muka taƙaita shi ga masallaci da maƙabarta. Mai gudun kuɗin ruwa ma ba shi da uzuri, tun 2017 gwamnatin tarayyar Najeriya ke sayar da sukuk, wato takardun zuba jari da suka dace da shari'ar Musulunci. Ni ma dai ba zan ce a jibge naira a banki ba, ganin yadda take narkewa kamar ƙanƙara a rana. A sa a shaguna, da gonaki, da gidajen haya masu ɗaki biyu, waɗanda malamin firamare zai iya biya wata-wata maimakon a ce ya kawo na shekara a dunƙule. Daga kuɗin hayar sai a ɗauki nauyin ƙungiyar matan da ke kula da marayu, a ba tsohon marini ko baduku abin da zai riƙe yara biyar su koyi sana'a kafin ta bi shi kabari.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta ba: kada a sa sunan ɗan siyasa a allon gidauniyar, kuma duk ƙarshen shekara a karanta lissafi a bainar jama'a.

Na riga na yi wa ƙannena magana kan shagon da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana a bakin kasuwa. In sun amince, rabona a ciki shi ne zubina na farko.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Cleveland, Amurka