Zuwa ga Auta, kan zancen ɗaga ƙarfe da ƙugu

Assalamu alaikum ɗiyata, ina fata kina lafiya, ya karatu, ya zafin Yamai? Mu nan Damagaram lafiya lau, babanki da yayyenki duk suna gaishe ki.

Na saurari saƙon muryar da kika bar mini a WhatsApp, wai ƙawayenki da Gwaggonki sun taru sun ce in ba ki bar ɗaga ƙarfe ba ƙugunki zai buɗe ya zama na maza, har kin fara tunanin barin zuwa sal ɗin, wato gidan motsa jikin. To rubutu zan yi miki don ki karanta a natse, in murya ce za ki saurara kina tafiya ki manta. Ita Gwaggonki ban ga laifinta ba, abin da ta sani na ɗaga ƙarfe shi ne samarin unguwar Kara-Kara da take gani da ƙirji kamar su fashe, sai ta ɗauka haka za ki koma. Amma ni da na yi aikin jinya har na yi ritaya ba zan bari a tsorata ki da abin da ba haka yake ba.

Faɗin ƙugun mace abu uku ne ke yanke shi, ƙashi da kitse da tsoka, kuma ba ɗaya suke ba wurin ƙarfi. Ƙashi halitta ce, faɗin haƙarƙarinki da faɗin ƙashin kwatangwalo da tazarar da ke tsakaninsu, wadda tazarar ke da tsawo ƙugunta yakan lotsa, wadda tata ke gajere yakan miƙe ko da ba ta da ƙiba ko kaɗan. Ke na ɗakinmu kika ɗauko, dubi ni dubi Inna, babu atisayen da zai sauya wannan, kuma babu ƙarfen da zai ƙara wa ƙashinki faɗi yanzu da kika gama girma.

Tsoka kuwa, wadda ake ta yi miki surutu a kanta, ita ce mafi ƙarancin tasiri. Tsokokin ciki shimfiɗaɗɗu ne sirara, akwai ta gaba da ta taso daga ƙirji zuwa mara, akwai biyu a kowane gefe da suka karkata, sai wata can ciki da ta zagaye cikin gaba ɗaya tana riƙe kayan ciki. Ba irin tsokar cinya ko ta mazaunai ba ce da ke iya tara nama sosai. Ga kuma sinadarin testosteron, wanda ke jikin namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye, shi ya sa namiji ke fara da tsoka mai yawa tun balaga. Mace tana samun ƙarfi sosai, tsokarta ma tana girma, amma ba a wayi gari ta zama ƙato ba. Matan da kike gani a TikTok da jijiyoyi ko'ina sana'arsu ke nan, shekaru suka yi suna yi da abinci na musamman, wasu kuma har da allurai da ba za su faɗa miki ba. Ki tuna matan ƙauyenmu, daka da taɓarya safe da yamma, bidon ruwa mai lita 20 a ka, kilo 20 ke nan cur, daga rijiya har gida, duk tsokar ciki da ta baya ke riƙe da wannan nauyi, wace ce a cikinsu kika gani da buɗaɗɗen ƙugu?

Ba zan ce miki ba ya ƙara komai ba sam. In mace ta daɗe tana tsuguno da ƙarfe mai nauyi a kafaɗa, tana ɗago shi daga ƙasa, tsokar gadon baya da ta gefe za su ɗan yi kauri, musamman in ta lizimci atisayen nan na riƙe ƙarfe a hannu ɗaya ana lanƙwasawa gefe ana ƙara masa nauyi kullum. In zancen siffa ya dame ki wannan ɗaya kina iya rage shi, ki koma wanda ake kifewa kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa a riƙe jiki a miƙe, shi yana ƙarfafa ciki ba tare da wani nauyi ba. Kuma abin da ƙawayen naki ba su lura ba, in kafaɗa da baya da mazaunai suka cika, ƙugu ƙarami yake bayyana a ido ko da awonsa bai motsa ba.

Mai buɗe ƙugu na gaskiya kitse ne. Akwai na ƙarƙashin fata wanda kike iya mintsina, akwai na can ciki da ke lulluɓe hanji da hanta, wannan na biyun shi ne mugun, shi ke tafiya da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka ga mata, in ƙugu ya wuce santimita 80 haɗari ya fara ƙaruwa, in ya wuce 88 ya yi yawa ƙwarai. Akwai wani lissafi mai sauƙi kuma, kar ƙugunki ya kai rabin tsayinki, mai tsayin santimita 160 ta zauna ƙasa da 80. Ki ari mitar tela ki auna da safe kafin ki ci komai, tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, ki saki numfashi ki tsaya yadda kike, ban da shanye ciki don kanki za ki yaudara. Sau ɗaya a wata ya isa, kuma ba lokacin al'ada ba ko bayan kin cika ciki da wake, kumburin nan iska ce da ruwa, zai sauka.

Su abdo ɗin, wato atisayen ciki, da kuke yi ɗari-ɗari ba sa narkar da teɓa fa, jiki ba ya ƙona kitsen wurin da ake motsawa shi kaɗai, daga ko'ina yake ɗiba in abin da kike ci bai kai abin da kike ƙonawa ba. Abin da na fi gani shi ne yarinya ta fara ɗaga ƙarfe yunwa ta ƙaru, ta fito ta sha lemun kwalba, ta ci fanke, ta dama fura ta zuba mata sukari kamar ba gobe, wata biyu siket ya matse sai a ce ƙarfe ne. Ki ci abinci ki ƙoshi, ban ce ki zauna da yunwa ba, amma ki nemi mai gina jiki, ƙwai, wake, awara, nono, kifi, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, fara ma in lokacinta ya zo, duk ba su fi ƙarfin aljihun ɗaliba ba.

Abu biyu ne zan hana ki da babbar murya. Na farko ɗamarar robar nan da ake tallatawa wai tana tsuke ƙugu, matse ki kawai take yi ta hana ki cika numfashi, ta turo abinci sama ki yi ta ƙwannafi, kin cire jiki ya koma yadda yake, gumin da ta jawo ruwa ne ba kitse ba, a zafin nan namu ma neman suma ne. Ba ita ce bel ɗin fata da masu ɗaga nauyi ke ɗaurawa ba, wancan don tokare ciki ne a lokacin ɗagawa kawai a cire. Na biyu ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tire a kasuwa, ƴan mata na sha wai don su ciko ƙasa. Da yawansu deksametazon ne, wani maganin asibiti mai ƙarfi, fuska take kumburawa, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, ƙashi ya yi rauni, suga ya hau. Na ga irinsu da idona a wurin aiki, kuma wadda ta daɗe tana sha bai kamata ta bari rana ɗaya ba sai da likita, in akwai mai sha cikin ƙawayenki ki gaya mata haka.

Ni dai ina so ki ci gaba. Ita Hukumar Lafiyar a shawarwarinta na 2020 cewa ta yi babba ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a sati, ƙari a kan minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, kuma ba ta ware mata ba. Mu mata ƙashinmu raguwa yake da sauri bayan al'ada ta ɗauke, wanda kika tara yanzu shi za ki ci nan gaba, ga ɗaukar ciki da goyo duk baya mai ƙarfi suke so. Sai dai ki bi a hankali, ki koyi tsayuwa da numfashi da ƙaramin nauyi kafin ki ƙara, in kin ji zafi mai suka a baya ko fitsari na zubo miki lokacin ɗagawa ki rage nauyin ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Babanki ya ce shi ba ruwansa da ƙugu, sharaɗinsa ki riƙa zuwa lokacin mata da sutura ta mutunci, kuma kar ya taɓa miki karatu. Gwaggonki ki bar ni da ita, zan je Birni ranar Juma'a mu yi magana, ke kar ki mayar mata da amsa. Na ba direba kilishi da garin zogale ya kawo miki, in sun iso ki kira ni.

Allah ya yi miki albarka.

Mamarki