Wasiƙa zuwa ga Ilu a kan injinsa mai yanka ba daidai ba

Assalamu alaikum Ilu mutumina, ina gajiya, ya Agadas ya iyali, ya sanyi? Mu nan Damagaram lafiya lau sai hunturu da ya sako mu gaba, ƙura har cikin kwanon tuwo. Na saurari saƙon muryarka na WhatsApp har ƙarshe, na ji yadda ranka ya ɓaci a kan injin CNC ɗin nan mai yanka katako da umarnin kwamfuta, ka ce da'ira tana fitowa kamar ƙwai, kuma ka zana milimita 100 ka auna ka ga wani abu daban, har kana maganar saida shi. Don Allah kar ka saida. Kuma kar ka taɓa lambobin GRBL, manhajar da ke tuƙa injin, tukuna, wannan shi ne babban abin da ya sa na zauna rubuta maka maimakon in yi maka murya, don kowa idan ka tambaya cewa zai yi ka canza $100 da $101, lambobin da ke faɗin taku nawa moter zai yi a milimita ɗaya, alhali sau da yawa lambobin lafiyarsu ƙalau, ƙarfe ne ya saki.

Fara da wannan. Samo guntun MDF, allon nan na matsattsen garin katako, ko katako busasshe, ka ɗaure shi tam, ka yanka murabba'i biyu, ɗaya milimita 50 ɗaya 200, da rami guda zagayayye, a hankali ba zurfi ba, sannan ka auna da piyakulis, ma'aunin nan mai baki biyu, ban da mita ta tela. Yadda kuskuren ya fito shi zai gaya maka inda ciwon yake.

In kuskuren yana girma tare da tsawo, wato ƙaramin ya rage kaɗan babban ya rage ninki huɗu na wancan, to nan ne kawai maganar lambobi ta shigo. Moter ɗinka NEMA 17 taku 200 yake yi a zagaye ɗaya, in direba, ɗan katin da ke tuƙa moter, tana kan 1/16, wato tana raba kowane taku gida 16, ya zama 3200, bel GT2 haƙoransa milimita 2 ne tsakani, fuli, ƴar tayar da ke jan bel, mai haƙora 20 ke nan milimita 40 a zagaye, ka raba 3200 da 40 ka samu taku 80 a milimita, abin da ake sawa a $100 da $101 ke nan. Amma ka ƙirga haƙoran fulin da idonka, don akwai mai 16, shi kuma 100 yake so, in ka bar shi a 80 duk abin da ka zana 100 zai fito 80. In ka ga rabi cif ko ninki biyu cif, ƴan jampa ne na ƙarƙashin direba, masu zaɓar rabon takun, direba DRV8825 tana kaiwa 1/32, A4988 kuwa a 1/16 take tsayawa. In bambancin ɗan kaɗan ne, ka ce ya tafi 300 ya tafi 298.5, sai ka ninka 80 da 300 ka raba da 298.5, ka samu 80.4 ka shigar. Kan doguwar tafiya ake wannan awon, a kan santimita biyu ba abin da za ka gani.

In kuma kuskuren iri ɗaya ne a ƙarami da babba, lambobi ba ruwansu. Duba bakin yankan. Wasu daga cikin waɗanda ake saidawa da sunan milimita 3 a gaskiya 1/8 na inci ne, wato 3.175, haka mai 1/4 shi ne 6.35 ba 6 ba. In ka gaya ma kwamfuta 3 alhali 3.175 ne a jiki, kayan zai fito ya rage 0.175 rami kuma ya ƙaru da haka, shi ya sa haɗin ke yin lako-lako. Alamarsa ke nan, waje ya rage ciki ya ƙaru.

Amma maganar ƙwan nan, ni zuciyata ta fi tafiya kan ƴar bis ɗin da ke riƙe fuli a kan sandar moter. Ƴar mitsitsiya ce baƙa, cikin jikin fulin take, da ƙaramin kile alen ake ɗaure ta, kuma dole ɗaya ta zauna kan gefen sandar da aka shafe, in ta zauna kan zagayayyen wuri ko ta ɗan saki, duk lokacin da moter ya juya baya sai sandar ta ɗan zagaya kafin fulin ya bi ta. Da ido ba ka gani. Ɗauki maka, alƙalamin nan mai kauri, ka ja layi ɗaya daga kan sandar ya haye fulin, ka yi aiki na minti goma ka dawo, in layin ya rabu biyu ka kama ɓarawonka. Na ga wannan a injin wani yaro nan Zengo mai yanka allunan suna na shaguna, har ya yi odar sabon moter, ashe rabin juyi na kile ne maganin. Sannan ka bar moter a kunne ka kama kan injin da hannu ka girgiza gaba da baya, hagu da dama, duk inda ka ji ƙwas to akwai wasa, ko bel ya saki ko tayoyin V da kan injin ke tafiya a kansu sun sassauta. Tayoyin suna da noti mai karkace da ake juyawa, ka matse har taya ta daina zamewa in ka juya ta da yatsa, kar ka wuce nan, matsewa da yawa cinye robar take yi.

Kuskure na uku shi ya fi ban haushi, yau daidai gobe ba daidai ba, ko aiki ya fara lafiya a tsakiya ya goce gefe ya ci gaba a gocen. Taku ne moter ke zubarwa, kuma GRBL ba ta da labari, ita dai ta aika umarni ta ɗauka an yi. A nan ƙasarmu abu biyu ke kawo shi, ƙura da zafi. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da garin katako ta daskare a kan taya da cikin haƙoran bel, na sha kankare ta da farce tana fitowa baƙi-baƙi da tauri, taya na zuwa wurin sai ka ji ta yi tsalle. Tsohon buroshin haƙori ya isa, kullum bayan aiki, kuma kar ka zuba ma tayoyin mai, ƙura yake kira. Zafi kuwa ka san bazara a ƙarƙashin rufin kwano, direba in ta yi zafi sosai kashe kanta take na ɗan lokaci ta dawo, sa mata ƴar fanka tana hura ta kai tsaye. In duk da haka yana zubarwa, rage $110 da $111 na gudu, da $120 da $121 na saurin tashi, ka rage zurfin yanka, waɗannan ƙananan injuna ba a cika masu ciki, gara ka bi sau uku a hankali. Kuma tura bakin ciki sosai a maƙoshinsa, in ya fito da tsawo lanƙwasa yake yi cikin katako.

Kar ka manta ka auna murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa duka biyun, in ba su zo ɗaya ba gadar injin ce ta karkace, sai a kwance a daidaita. Wannan ma yana maida da'ira ƙwai, amma a kishingiɗe.

Ka turo min awon murabba'in nan biyu da na ramin, da hoton fulin bayan ka ja layin, sannan ka rubuta ma GRBL $$ ta nuna lambobinta ka ɗauko min abin da ya fito duka. Ina shago har la'asar, bayan isha'i kuma ina gida, kira ni mu bi su tare. Ka gaida Hajiya da su Nana, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Mamman Sani