Ya Kamata Binciken Jami'o'inmu Ya Isa ga Manomi

Ya Mai Girma Edita,

Assalamu alaikum. Rahotannin da ake yaɗawa kwanan nan game da matsayin jami'o'in Najeriya a tsakanin takwarorinsu na duniya ne suka sa na ɗauki alƙalami. A ganina, martabar jami'ar gwamnati tana farawa ne daga amfanin da talakan da ke kewaye da ita yake samu.

A Jihar Katsina muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma ta 2011. Malamai da ɗalibai suna nazari a kan ƙasar noma da ruwan sha da makamashin rana, asusun TETFund, na gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu, kuma yana tallafa wa bincike. Sai dai ana rubuta sakamakon da Turanci a mujallun masana, alhali manomin gero na Daura, wanda kwararowar hamada ke cinye masa gona, rediyo yake saurare, kuma shi ya fi kowa bukatar wannan ilimi.

Don haka ina roƙon hukumomin jami'o'in su wajabta taƙaita duk binciken da ya shafi noma da lafiya cikin Hausa, a riƙa watsa shi a Rediyon Jihar Katsina kafin faɗuwar damina, malaman gona kuma su kai shi ƙauyuka.

Naku,
Wani mai karatu daga Katsina