Tagar Landan baƙonku yake nufi ko ta Sakkwato?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in amayar da abin da ke cina game da shirinku na mata na ranar Asabar, wanda kuka kawo saurayin nan mai maganar fulawar cikin ɗaki. Ka san wanda nake nufi. Shi ne ya ce wai duk mai 'yar fulawa ta ɗora ta a tagar da rana ta fi bugawa a gidan, kuma da mai gabatarwa ta sake tambayarsa ya maimaita, har da dariya. A Sakkwato! A watan Afrilu! Wallahi sai da na ajiye farantin shinkafar da nake tsinta na zuba wa rediyon ido.

Ni ban yi karatun gona ba, malamar firamare ce da ta ajiye aiki. Amma na daɗe ina rainon wata 'yar fulawa mai kaurin ganye da ƙananan jajayen furanni cunkus, wadda 'yata ta kawo min daga Jos. Kalankowe ake ce mata, asalinta daga tsibirin Madagaska. Ba ta da wuyar yaɗuwa. Ka karya reshe, ka bar bakin ya sha iska ya bushe, ka soka shi a ƙasa mai yashi, sai ya kama. Da haka na raba wa matan layinmu da wasu 'yan islamiyyarmu, kowa da tata tukunyar, har mukan yi gasar wadda tata za ta riga yin fure.

A cikinsu duka babu wadda tata ta kai ta amaryar gidan da ke kallon namu kyau. Yarinya ce mai tsafta, ta ajiye tukunyar a kan ɗan teburi kusa da tagar gabas, bayan labule mai shara-shara, kullum tana goge mata ganye. Bayan shirinku sai ta ɗauke ta ta kai tagar yamma, ta cusa ta tsakanin gilashi da ƙarfen taga, don an faɗa a rediyo. Ba a jima ba ta shigo min da tukunyar a cikin hijabi, ido ya yi ja, tana cewa, "Inna, diba mani, mi as same ta?" Na karɓa. Ganyen da ke fuskantar gilashi ya yi fari, gefensa ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, na taɓa shi ya lotsa a hannuna. Robar tukunyar baƙa ce, kuma ko a lokacin da ta kawo ta da ɗuminta. Na zazzage ƙasar na duba saiwar, ta dafu. Abin da na iya ceta ɗan reshe ne guda daga ɓangaren da bango ya kare. Kuma ba ita kaɗai ba ce, a islamiyya ma na tarar da masu irin wannan kuka.

To wa zan kama? Yarinyar ba ta da laifi. Ku ta ji, ku ta yarda da ku.

Tun kafin shirin ya ƙare na gane inda maganar ta fito, domin baƙon naku ya ƙara da cewa a nisanta fulawa daga na'urar ɗumama ɗaki. Wace na'urar ɗumama ɗaki, a garin da mutane ke kwana a tsakar gida suna jiƙa zani don su samu barci? Ɗana ya duba wayarsa ya nuna min irin shawarar, kusan baki ɗaya, a shafukan masu lambu na Ingila. Can gaskiya ce. Na koyar da labarin ƙasa, don haka bari in tuna maka: Landan tana digiri 51 arewa da layin da ya raba duniya, Sakkwato tana digiri 13. A can rana ba ta taɓa hawa tsakiyar ka, kullum a karkace take ta kudu, shi ya sa suke rububin tagar kudu, kuma ko a watan Yuli da suke kukan zafi yawanci digiri 23 ne ko kusa da haka. Mu a nan Afrilu digiri 40 ne a inuwa, wata rana ya zarce. Rana a tsakiyar kanmu take wucewa, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma ta arewa take ɗan karkata da tsakar rana. Tagar da rana ta fi bugawa a gidajenmu ta yamma ce, daga azahar har bayan la'asar, lokacin da bango da rufin kwano suka riga suka ɗauki zafi suna feso shi. Nan baƙonku ya tura matanmu su ajiye abin da suke tattali.

Da ya tambayi ko ɗaya daga cikin masu sayar da fulawa a bakin titi, da sun faɗa masa. Ba ka ganin a ƙarƙashin dogon yaro suke jera ƙananan, ko su yi musu rumfar zana? Wanda nake sayen tukwane a wurinsa bai shiga aji ba, amma da na ba shi labari sai ya riƙe baki ya ce, "Hajiya, ashe haka anka hwaɗi? Wagga ai ranar hantsi ta ishe ta." Iyakar maganar ke nan. Tagar gabas, ranar safe, da hantsi ya ɗaga a saki labule. In bazara ta tsananta a janye tukunyar cikin ɗaki inda haske ke shiga amma rana ba ta taɓa ganyen.

Haka baƙon naku ya yi da maganar ruwa, ya yanke wai sau ɗaya a mako, kamar duk watannin shekara ɗaya suke. A bazara ƙaramar tukunya ba ta kai mako take bushewa ƙayau, a watan Agusta kuwa sai ta wuce mako da danshinta, ka ƙara mata ruwa saiwar ta ruɓe. Yatsa ake sokawa a ƙasar. In ya fito a bushe a zuba har ruwa ya ɗigo ta hujin gindi, a zubar da wanda ya taru a faranti, in da danshi a ƙyale ta. Irin wannan mai kaurin ganye ruwa take ajiyewa a ganyenta, yawan ruwa ya fi ƙishi saurin kashe ta. Kuma a garin da muke sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa, ba sai an ware mata nata ba, ni ruwan alwala nake tarawa a roba in ba ta. Ruwan wanki ne ba a zuba mata. Bai ce komai a kan tukunya ba, alhali rabin aikin a nan yake: tukunyar ƙasa tana tsatsafo ta sanyaya abin da ke cikinta, yadda randa ke yi wa ruwa, baƙar roba kuwa zafi take tarawa. Ya ce a sayi ƙasar leda ta kanti. Mu yashi muke haɗawa da tsohon takin tumaki da ya riga ya ruɓe, da ɗan dakakken gawayi. Lakar fadama zalla ba ta yi, tana riƙe ruwa, in ta bushe kuma ta daskare.

Hunturu ma ko ambatonsa bai yi ba, wai mai koya wa Sakkwatawa rainon fulawa. Ƙura tana kwanta wa ganye ta toshe shi, sai an bi da jiƙaƙƙen tsumma a hankali. Kuma lokacin ne wannan fulawa take shirin fure, don dogon dare take so. Masu noma ta don sayarwa sukan rufe ta cikin duhu awa 14 kowace rana na wajen mako 6 kafin ta fitar da kai. Wadda ta bar tata a falo ƙarƙashin ƙwan sola har gari ya waye, sai ta ga ganye ya yi kyau amma babu fure, ta ɗauka baki aka yi mata.

In rana yake so a yi wa shuka, ai muna da tamu. Kariya tana fitowa a dajinmu, ga kaurin gindi, ta yi furenta ja-ja a tsakiyar rani babu ko ganye a jikinta, kuma tana zama a tukunya. Ita ce za ka ajiye a rana ta gode maka. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba ke shafa wa kibiya a da, ba a barin ta inda yaro mai rarrafe zai kai hannu. Kalankowe ɗin ma tana cutar da akuya da kyanwa in suka ci. Gida nawa ne a garin nan babu akuya? Wannan ne ya kamata mata su ji, ba zancen na'urar ɗumama ɗaki ba.

Abin da nake nema, Malam, a wannan shirin, a wannan lokacin na ranar Asabar, a fito a ce an yi kuskure, kowa ta sauke tukunyarta daga tagar yamma. Kada a liƙa shi a ƙarshe ana kiɗan rufewa. In kuna son baƙo, ga malaman aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga masu rumfar zana a bakin titi, ku haɗa su ku ba su waya su amsa tambayoyin mata. Ba duk mai iya karanta waya da zaƙin murya ne masani ba.

Tunda na samu fili, ga wata. Mai karanta muku sanarwar rasuwa da safe, don Allah a ce ya rage gudu. Sunan mamaci da unguwa da lokacin jana'iza duk a numfashi ɗaya yake kwararo su, don a samu wurin tallar masu maganin basir, wadda ita kuwa ake maimaita lambar wayarta har yara sun haddace. Kwanan baya wata tsohuwar abokiyar aikina ta rasu a Mabera, an sanar a gidanku, ina zaune gaban rediyon, amma ban tsinci sunan ba sai da aka yi sadakar uku wata ta zo tana min ƙorafin ba a gan ni ba. Mu masu shekaru mu ne ke sauraron sanarwar nan, a riƙa faɗin sunan da unguwar sau biyu.

Wassalam.

Mai sauraronku a kullum,
daga Arkilla, Sakkwato.